FILIN TUNANI: Mutum Huɗu a Kwale-kwale Ɗaya, da Iyakar Lalura

Kalmar nan "lalura" tana cikin kalmomin da suka fi shan wuya a bakin mutanen wannan zamani. Ma'aikacin da ya sa hannu a kuɗin hukuma ya ce lalura ce ta kai shi. Ɗan kasuwan da ya tauye mudu, ko ya ɓoye hatsi sai ya yi tsada, shi ma da lalura yake fakewa. Direban da ya labta wa mota fasinja fiye da ƙima, in an tsira da rai aka tambaye shi, amsar dai ita ce lalura. Ba kuwa za a ce duk ƙarya suke yi ba, gama Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Abin da ke da wuyar warwarewa shi ne iyakar lalurar: ina ta tsaya, kuma da wane ma'auni za a gane an ƙetare ta?

Wannan tambaya ba yau aka fara yin ta ba. Akwai fannin ilmi guda wanda babban aikinsa shi ne rarrabe kyakkyawan aiki da mummuna, watau falsafar ɗabi'a, wadda malaman Larabci suke kira ilmin ahlaƙi. Masanan wannan fanni sun rabu gida-gida, amma manyan gidajen uku ne: masu auna aiki da sakamakonsa, da masu auna shi da wajibin da ke kan mutum, da masu auna shi da halin wanda ya aikata. Tun da yake bayani ba misali kamar tuwo ne ba miya, filin na yau zai ɗora ma'aunan nan a kan wata shari'a da aka yi a Ingila a shekarar 1884, wadda har gobe ɗaliban shari'a, har da na jami'o'in Nijeriya, suke karanta ta.

Abin da ya faru a teku

Ran 19 ga watan Mayu, 1884, wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Mignonette ya tashi daga Southampton ta ƙasar Ingila ya nufi birnin Sidni na Ostareliya, domin a kai wa wani lauya da ya saye shi. Mutum huɗu ne a ciki: kyaftin Tom Dudley, da mataimakinsa Edwin Stephens, da wani matuƙi Edmund Brooks, sai kuma yaron jirgi Richard Parker, maraya ɗan shekara 17 wanda bai goge da teku ba. Ran 5 ga Yuli igiyar ruwa ta fasa jirgin a tekun Atlantika, kimanin mil 1,600 daga ƙurewar kudancin Afirka. Da ƙyar suka faɗa cikin wani kwale-kwale mai tsawon ƙafa 13. Guzurinsu duka gwangwani biyu ne na kayan lambu, ba kuwa ruwan sha ko ɗigo.

A rana ta huɗu suka kama wata 'yar kififiya, suka yi ta lallaɓa namanta har rana ta goma sha biyu. Daga nan kuma sai da suka kwana takwas ba su sa kome a baki ba, in ban da ɗan ruwan sama da suke tara a rigunansu. Ƙishirwa ta sa Parker ya sha ruwan teku, ciwo ya kwantar da shi a ƙasan kwale-kwalen. Ran 24 ga Yuli Dudley ya kawo shawara a yi ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa a yanka shi sauran su rayu. Brooks ya ƙi. Ba a yi ƙuri'ar ba, ba a kuma tambayi yaron ba. Dudley ya nuna wa Stephens cewa su masu iyali ne, yaron nan kuwa ba shi da mata ba shi da ɗa, ga shi kuma ya kusa cikawa. Kashegari, da ba a hango jirgi ba, Dudley ya yi addu'ar neman gafara, sa'an nan ya yanka Parker da 'yar wuƙar aljihu, da yardar Stephens. Su ukun, har da Brooks wanda bai yarda da kisan ba, suka rayu a kan gawar kwana huɗu, har ran 29 ga wata wani jirgin Jamusawa ya tsince su.

Da aka sauke su a tashar Falmouth ran 6 ga Satumba, ba su ɓoye kome ba, domin sun ɗauka al'adar matuƙan teku ta kare su. Jama'ar gari ma tausayinsu suka ji, har yayan marigayin, wanda shi ma matuƙi ne, ya zo ya yi musafaha da su. Duk da haka hukuma ta gurfanar da Dudley da Stephens bisa laifin kisan kai, ta mai da Brooks shaida. To, sun yi daidai ko ba su yi ba?

Ma'auni na farko: sakamako

Gida na farko cewa yake a dubi abin da aikin ya haifar. Wanda ya kafa harsashinsa a zamanin baya-bayan nan shi ne Jeremy Bentham, masanin shari'a ɗan Ingila wanda ya rayu daga 1748 zuwa 1832. A littafinsa na 1789 ya bayyana cewa jin daɗi da jin zafi su ne suke jan ragamar ɗan Adam, saboda haka kyakkyawan aiki shi ne wanda ya fi jawo jin daɗi ya rage wahala ga mafi yawan waɗanda abin ya shafa. Har ma'aunai ya tsara na lissafin: ƙarfin daɗin ko zafin, da tsawon lokacinsa, da tabbacin aukuwarsa, da yawan mutanen da zai taɓa. A wannan lissafi kuwa wahalar basarake da ta talaka nauyinsu ɗaya.

Bai kamata a raina wannan ma'auni ba. Da shi Bentham da almajiransa suka yi yaƙi da azabtar da fursunoni da dokokin da ba su da wani amfani sai cutar da talaka. Da shi likita yake aiki in majinyata sun yi yawa magani ya yi kaɗan, da shi kuma kowace hukuma take yanke shawarar ko asibiti za ta gina ko hanya. Mai mulkin da ba ya duban sakamakon aikinsa, kome kyan niyyarsa, zai jefa mutane cikin wahala.

In aka ɗora shi a kan kwale-kwalen nan, lissafin a fili yake: rai ɗaya ya tafi, rai uku sun tsira, da iyalan da ke jiran su. Masu taimaka wa alƙali ma sun tabbatar cewa da ba su ci naman ba, da wuya su kai ranar da aka cece su, kuma bisa ga dukkan alamu yaron ne zai riga su mutuwa. Amma fa akwai ramuka biyu a cikin lissafin. Na farko, Dudley bai san gaibu ba. A ranar da ya zare wuƙa bai san ko jirgi zai ɓullo bayan awa ɗaya ba, ko kuma ba zai ɓullo ba sam, su mutu duka da alhakin yaro a wuyansu. Na biyu, mai yin lissafin shi ne mai cin moriyarsa, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi irin wannan ƙidaya ta faɗa kansa ba.

John Stuart Mill, wanda ya gāji wannan tafarki ya kuma gyara shi a littafinsa na 1863, ya lura cewa zaman aminci, watau mutum ya tabbata ba za a far masa ba, yana cikin mafi girman amfanin da jama'a take bukata. Daga nan ne waɗansu mabiya gidan suka ce a auna ƙa'ida gaba ɗaya maimakon aiki guda: in ya zama doka cewa masu ƙarfi suna iya yanka mai rauni duk sa'ad da suka ga sun matsu, wane uba ne zai sake barin ɗansa ya hau jirgi? Da wannan gyara, ma'aunin sakamako da kansa yana iya juyowa kan Dudley.

Ma'auni na biyu: wajibi

Gida na biyu ba ruwansa da ƙidayar kawuna. Jagoransa shi ne Immanuel Kant, Bajamushe, malamin jami'a a birnin Konigsberg, wanda ya rayu daga 1724 zuwa 1804. A littafinsa na 1785 ya ce darajar aiki tana ga niyyar mai yinsa da ƙa'idar da ya bi, domin sakamako sau da yawa ba a hannun mutum yake ba. Ya kawo gwaji iri biyu. Na farko, kafin mutum ya yi abu ya tambayi kansa ko zai so ƙa'idar da yake bi ta zama doka ga kowa da kowa. Mai cin bashi da alkawarin ƙarya ba zai so haka ba, gama in kowa ya yi, ba sauran mai ba da bashi, ƙaryar tasa ma ba za ta ci ba. Na biyu, kada a mai da ɗan Adam kayan aiki kawai domin biyan bukatar wani. Kaya suna da farashi, ana musayar wannan da wancan, amma mutum mutunci gare shi, mutunci kuwa ba ya shiga ciniki.

A wannan ma'auni hukuncin kwale-kwalen ba shi da wuya. An mai da Parker guzuri. Ba a nemi yardarsa ba, ba a ko sa shi cikin shawarar ba. Ko da mutum ɗari ne za su tsira, ran nan nasa ne, ba na Dudley ba ne balle ya kashe shi kamar kuɗin aljihunsa. Daga irin wannan tunani ne batun haƙƙin ɗan Adam ya sami ƙarfi, watau akwai abin da ba a yi wa mutum kome yawan masu cin ribar yin sa.

Sai dai shi ma wannan gida yana da inda yake yoyo. A shekarar 1797 Kant ya rubuta cewa ko mai neman kashe abokinka ne ya zo ƙofar gida yana tambaya ko abokin yana ciki, bai halatta a yi masa ƙarya ba. Mafi yawan masu hankali, har da waɗansu mabiyansa, ba su bi shi a nan ba. Wajibai sukan yi karo da juna, faɗin gaskiya a gefe guda, tsare rai a ɗaya gefen, ƙa'ida ita kaɗai kuwa ba ta faɗa wa mutum wanne zai gabatar.

Ma'auni na uku: hali

Gida na uku shi ya fi daɗewa. Aristotal, masanin ƙasar Girka wanda ya rayu daga shekara ta 384 zuwa ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya fi damuwa da irin mutumin da ya kamata a zama. A wurinsa kyakkyawan hali tsaka-tsaki ne tsakanin gefe biyu marasa kyau: jaruntaka tana tsakanin tsoro da ganganci, kyauta tana tsakanin rowa da almubazzaranci. Ba a kuwa haihuwar mutum da hali irin wannan. Da yawan aikatawa ake samunsa, kamar yadda maƙeri yake ƙwarewa da yawan ƙira. Wanda ya saba, shi ne yake gane abin da ya dace a lokacin da babu littafin dubawa. Malaman Musulunci irin su Ibnu Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, sun ɗauki wannan bayani suka tace shi suka shigar da shi cikin littattafan tarbiyya.

Bahaushe ba baƙo ne a wannan gida ba. A wata lacca da aka buga a 1974, Baturen nan masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya tattara siffofi goma da Hausawa suke gane mutumin kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duk cikinsu babu lissafi, halaye ne da ake reno tun daga ƙuruciya, shi ya sa aka ce hali zanen dutse. In aka ɗora na biyunsu a kan Dudley, sai a ga abin da ma'aunan farko ba su nuna sosai ba. Shi ne kyaftin, yaron nan amana ne a hannunsa. Shugaban kirki, in ta kama lalle wani ya tafi, kansa yake fara kawowa.

Abin sha'awa, Aristotal da kansa ya taɓo batun jirgi. Ya ce wanda hadari ya rutsa da shi a teku ya zubar da kayan jirgi don a tsira, ya yi abin da kowane mai hankali zai yi. Ya ce akwai kuma wanda ya yi abin da bai dace ba saboda matsin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, irin wannan ana yi masa afuwa. Sa'an nan ya ƙara da cewa akwai ayyukan da gara mutum ya mutu da ya aikata su. Raunin wannan gida shi ne, in mutanen kirki biyu suka saɓa, ba shi da sikelin da zai raba gardama. Brooks ma ya ishi misali: ya ƙi kisan, amma ya ci naman. A wane layi za a sa shi?

Abin da malaman fiƙihu suka ce

Fiye da shekara 770 kafin Mignonette ta nutse, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo wannan mas'ala kusan kamar yana kallon ta. A littafinsa Al-Mustasfa ya bayyana cewa shari'a ta zo ne don tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Wannan duban maslaha ne, watau shi ma bai yi watsi da sakamako ba. Amma ya gindaya sharuɗɗa uku kafin a yi hukunci mai nauyi irin na taɓa rai da hujjar maslaha: ta zama ta tilas, ta zama tabbatacciya, ta kuma shafi al'umma baki ɗaya. Sa'an nan ya ba da misalin mutanen da ke cikin jirgi waɗanda in suka jefa ɗayansu ruwa za su tsira, da na waɗanda yunwa ta kama waɗanda in suka ci ɗayansu bisa ƙuri'a za su rayu. Duka biyun ya ce babu rangwame, domin maslahar ta 'yan mutane ƙidayayyu ce, ƙuri'a kuma ba ta da tushe a irin wannan wuri.

A mazhabar Malikiyya ma, wadda ake karantarwa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, Muhtasar na Shaihu Halilu ya halatta wa wanda yunwa za ta kashe ya ci mushe don ya tsare ransa, amma ya ware naman ɗan Adam daga wannan rangwame. Malamai kuma sun haɗu a kan cewa wanda aka tilasta, aka ce ya kashe wani ko a kashe shi, ba shi da izinin fansar ransa da ran waninsa. Lalura dai tana buɗe ƙofofi da yawa, amma ba ta buɗe wannan.

Hukuncin kotu

Ran 9 ga Disamba, 1884, alƙalai biyar a birnin Landan, ƙarƙashin Babban Joji Coleridge, suka yanke cewa lalura ba ta zama kariya ga laifin kisan kai. Babban Jojin ya tambaya wa zai zama alƙalin irin wannan lalura, da wane sikeli kuma za a auna ran wani da na wani. Ya nuna cewa wanda aka zaɓa shi ne mafi ƙuruciya, mafi rauni, wanda ba shi da ƙarfin kare kansa. Ya kuma yarda cewa alƙalai sukan kafa mizanin da su kansu ba lalle su iya kai wa gare shi ba, watau dai ya san inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Aka yanke musu hukuncin kisa, amma cikin 'yan kwanaki gwamnati ta sassauta shi zuwa ɗaurin wata shida.

Waɗansu suna ganin wannan tufka da warwara ce. Alhali kuwa a nan ne babban darasin yake, domin hukuncin ya raba abubuwa biyu da mutane suka saba cakuɗawa, watau halacci da uzuri. Halacci yana nufin aikin daidai ne, kowa ya sami kansa a wurin yana iya yin sa. Uzuri kuwa yana nufin aikin kuskure ne, sai dai an dubi halin da mai yinsa ya shiga an tausaya masa. Dudley da Stephens sun sami uzuri, ba su sami halacci ba. Da an ba su halacci, da an rubuta a doka cewa ran maraya bai kai na mai iyali ba.

Mai karatu zai lura cewa ma'aunan nan, waɗanda suke gardama da juna a littattafai, sun kusa haɗuwa a kan kwale-kwalen. Kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya, kuma wanda ya riƙe ɗaya ya saki sauran yakan ɓata. Saboda haka mai kukan lalura, kafin ya miƙa hannu, yana da tambayoyin da zai yi wa kansa. Shin matsin na tilas ne tabbatacce, ko kuwa son a ce shi ma ya gina gida ne? Wa zai biya kuɗin wannan lalura, kuma an tambaye shi? Da shi ne a kwance a ƙasan kwale-kwalen, zai yarda da lissafin? A kowace irin wannan harka akwai wani Parker wanda ba a sa shi cikin shawara ba: majinyacin da aka karkatar da kuɗin maganinsa, da ɗan fanshon da aka ci haƙƙinsa, da matar da ta auno mudun da bai cika ba, da fasinjan da ya biya kuɗin mota bai san birki ya lalace ba. Jama'a tana iya tausaya wa wanda yunwa ta kayar, haka kuwa ya kamata. Amma ranar da ta fara kiran aikinsa daidai, to, ta buɗe wa masu ƙarfi ƙofar da masu rauni ba za su iya rufewa ba.

Allah Ya kiyaye bayinsa daga matsin da ya fi ƙarfinsu. A mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, filin zai duba abin da masana suka ce game da adalci wajen rabon arzikin ƙasa.